Daga Gella zuwa Yola Neman Sanin Cutar Kawu

Gella, hedikwatar ƙaramar hukumar Mubi ta Kudu, tana gindin duwatsun Mandara, a ƙasar Gude, kusa da iyakar Kamaru. Mutumin wannan yanki idan jiki ya ƙi, kemis ne zangonsa na farko, kuma kusan kullum amsa ɗaya ake ba shi: maleriya da taifot. Haka aka yi ta faɗa wa kawuna. Ya sha allurai, an yi masa ƙarin ruwa, amma rama sai ƙaruwa take yi, ga ƙishirwa, ga yawan fitsari da dare, ido ya fara hazo. Sai da wani ɗan rauni da ya ji a gona ya ƙi warkewa a ƙafarsa, sannan wata malamar jinya a Mubi ta ɗiga jininsa a 'yar na'urar awon suga. Ta dubi abin da ya fito, ta dube ni, ta ce, "Kada ku kwana biyu, ku kai Baba Yola."

Da asuba muka bar Gella. A Mubi muka haye kogin Yedzaram, muka wuce motocin da ke lodin shanu zuwa kudu, muka shiga tasha. Kawu ya samu kujerar gaba saboda ƙafar. Tafiyar kusan kilomita 200 ce. Daga Mararraba sai Hong, ƙasar Kilba mai manyan duwatsu, sai Gombi, inda hanya ta rabu zuwa Garkida da Biu. A Garkidan nan 'yan mishan suka sauka a 1923, suka kafa makaranta da asibiti, daga baya har da wurin jinyar kutare. Can arewa da Mubi kuma akwai garin Lassa, inda aka fara gano zazzaɓin da ya ɗauki sunan garin a 1969. Wato yankinmu ba baƙon aikin likita ba ne. Abin da ya ƙara mayar da mu baya shi ne shigar Boko Haram Mubi a ƙarshen Oktoban 2014, lokacin da jama'a suka watse, ma'aikatan lafiya ma suka tsere da iyalansu.

Song da Girei ba mu tsaya ba sai a shingen jami'an tsaro. Muka hau gadar Binuwai, muka ratsa Jimeta, muka isa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama, wanda a da ake kira Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya ta Yola.

A nan na ga bambancin ba da magani da binciken cuta. Likitan bai taɓa takardar magani ba sai da ya gama tambaya. "Baba, tun yaushe kake tashi fitsari da dare? A gidanku akwai wanda ya taɓa irin wannan ciwo?" Ya sa aka cire wa Kawu takalmi, ya ɗauki wani siririn zare mai tauri yana taɓa tafin ƙafarsa nan da can, ya ce ya rufe ido ya faɗi inda ya ji. Wurare da yawa Kawu ya yi shiru. Zuciyata ta karye a wannan lokaci, don na gane dalilin da ya sa ƙaya ta huda shi a gona bai sani ba: sugan ya riga ya taɓa jijiyoyin ƙafar.

Washegari aka ɗibi jini kafin ya karya kumallo. Likitan ya bayyana mini cewa idan awon mai azumi ya kai 126, an shiga ciwon suga, na Kawu kuwa ya zarce haka nesa. Akwai wani gwajin da ke nuna yadda sugan ya kasance cikin kusan wata 3 da suka wuce. Aka duba fitsari don a ga ko ƙoda ta fara zubar da abin da bai kamata ba. Aka auna jini aka tarar ya hau. Likitan ido ya ɗiga masa magani, ya haska cikin idon, ya ce akwai yana da za a cire idan suga ya daidaita. Masu wankin gyambo suka share ruɓaɓɓen naman, suka ɗaure. Wata ma'aikaciya ta zaunar da mu kan maganar abinci: a rage malmalar tuwo, a yawaita ganye da wake, a bar shayi mai suga da lemon kwalba.

Na tambayi likitan maganar taifot. Ya ce gwajin Widal da ake yawan yi ba ya isa hujja shi kaɗai, yakan nuna alama ga wanda ba shi da cutar. A ganina nan ne ɓarnar take. Talaka yana sayar da akuya da buhun masara yana jinyar cutar da ba ita ke cin sa ba, ta ainihin kuwa tana lalata masa ido da ƙoda.

A kan benci na zauna da mutanen Michika, da na Maiha, da wata tsohuwa da aka kawo daga ƙetaren iyaka. Kowa ya biya kuɗin mota na mutum biyu, da na abinci, da na kwana, tun kafin a zo kan magani. Nawa ne suka kasa haɗa wannan kuɗi suka haƙura a gida?

Ƙafar Kawu ta tsira, yana shan maganinsa, kuma yana da ranar komawa. Yanzu gwamnatin tarayya ta kafa cibiyar lafiya a Mubi, abin farin ciki ne. Roƙona shi ne a cika ta da ƙwararrun likitocin ido, na ƙoda da na ciwon suga, a kuma wadata ƙananan asibitocin ƙauyukan Gude da na'urar awon suga da ta hawan jini. Kai kuma mai karatu, idan tsohonka yana rama, yana yawan ƙishirwa da fitsari, ka kai shi a auna masa suga kafin a sake ɗaura masa ledar ruwa.