Ɗalibaina da Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa

A da, in ka tambayi ɗan ajin ƙarshe abin da yake son zama, ba ya wuce likita ko lauya ko soja. Yanzu kuwa da yawansu cewa suke yi injiniyan kwamfuta, wato mai rubuta manhaja. Wasu ma nazarin alƙaluma suke hari, aikin masu tace tulin bayanai su gaya wa banki ko asibiti abin da ke ciki.

Burin ya yi mini daɗi, sai dai a makarantarmu a allo muke zana musu na'urar da alli. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta kacokan, kuma na san yaron da bai taɓa sa mata hannu ba sai ranar jarrabawar.

Duk da haka, rashin na'urar bai kai gudun lissafi da insha'i damuna ba. Manhaja ai rubutu ce, umarni ne daki-daki. A harshen Python, ɗigo biyu in suka ɓace a inda ake bukatarsu, aikin ya tsaya cik, domin na'ura ba ta yi wa kowa uzuri. Yaron da ya kasa jera sakin layi uku, yaya zai jera mata umarni?

Mu ma marubuta abin ya shafe mu. A 2013 Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara, kuma daga rubutun mutane irin waɗannan manhajoji ke koyo. In muka ci gaba da yar da lanƙwasa, muna rubuta kafa a maimakon ƙafa, haka ɗalibaina za su tarar da ita.