Mai Aikin Dare da Karensa a Birnin Marikina

Ƙasar Filifin tarin tsibirai ce fiye da 7,000 a kudu maso gabashin Asiya, a bakin tekun Fasifik, mutanenta kuwa sun haura miliyan 100. Wanda ya taɓa kwanciya a asibiti a Makka ko Jidda mai yiwuwa ne ya ga 'ya'yan ƙasar nan suna aikin jinya, gama mutane ne masu fita neman abinci ko'ina cikin duniya. Amma wanda ya je ƙasar tasu, abin da zai fara cika masa ido a unguwannin talakawa, ban da yawan jama'a, shi ne karnuka. Ga su a gindin tebur ɗin mai sayar da abinci, ga su ƙarƙashin motar haya suna shan inuwa, galibinsu jajaye ko masu ruwan ƙasa, gajerun gashi, dogayen baki, kusan irin waɗanda a ke gani a bayan maharba a ƙasar Hausa.

Da can sunan da a ke kiran irin wannan kare da shi askal, watau karen titi, kuma sunan na raini ne. Mai kuɗi ya kan sayi kare ɗan ƙasar waje ya kwantar da shi a ɗaki, askal kuwa sai a ɗaure shi a ƙofar gida ya yi gadi, ya ci ragowar shinkafa. A 2007 wata ƙungiyar kula da dabbobi da a ke kira PAWS ta tashi tsaye ta ce a daina wannan suna, a riƙa ce masa aspin, watau karen 'yan ƙasa. Sauya suna ba ya cika ciki, amma wannan dai ya kama bakin mutane. Ya ƙara kama shi kuwa bayan abin da ya faru a birnin Zambowanga cikin watan Disamba na 2011, inda wata karya mai suna Kabang ta yi tsalle ta tari babur da ke shirin banke yara mata biyu. Yaran suka tsira, ita kuwa ta rasa saman bakinta duka. Aka tara kuɗi daga ƙasashe da dama aka kai ta Kalifoniya ta Amurka a 2012 aka yi mata aiki, ta komo gida a 2013, ta rayu har 2021, aka kafa mata mutum-mutumi a garinsu.

To, a birnin Marikina, ɗaya daga cikin biranen da suka haɗu suka zama babbar Manila, garin da ya yi suna wajen ɗinkin takalma, akwai wani mutum da ke zaune da irin wannan kare a ɗaki guda na haya. Asalinsa daga yankin Bikol ya ke, ya zo birni neman aiki kamar dubban 'yan'uwansa, ya samu a wani ofishin amsa waya. Irin ofisoshin nan sun ɗauki mutane fiye da miliyan ɗaya a ƙasar. Aikinsu shi ne, in wani a Amurka ya buga waya yana ƙorafi a kan kuɗin bankinsa ko kayan da ya saya, sai wayar ta faɗo a Manila, a amsa masa da Turanci cikin ladabi. Da ya ke tsakanin Manila da gabashin Amurka akwai tazarar sa'a 12 ko 13, ranar mai ƙorafi ita ce daren mai amsawa. Saboda haka mutumin nan ya kan bar gida da misalin ƙarfe 8 na dare, ya komo bayan rana ta fito.

Karen ya zo hannunsa ne a 2016, yana ɗan kwikwiyo, ƙazuwa ta cinye masa gashin baya, yana kuka a bakin kwata kusa da inda a ke sauka daga mota. Ya ɗauke shi cikin kwali da niyyar ya ba shi abinci kwana biyu ya sake shi. Sabo turken wawa, in ji masu iya magana. Ya sa masa suna Bantay, watau mai gadi, sunan da ya ke a can kamar kowane gida da nasa.

Zaman nasu yana tafiya ne a juye. Sa'ad da mutanen unguwa ke ɗaure takalma za su fita, shi a lokacin ya ke saukowa daga jifni, watau doguwar motar hayar nan mai ado da aka samo asalinta daga motocin sojan Amurka da aka bari bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Idanunsa sun yi ja, kunnuwansa na amsa kuwwar muryoyin mutanen da suka kwana suna yi masa faɗa a kan laifin da ba nasa ba. Tun yana kan kwana karen ya kan ji takunsa ya fara kaɗa wutsiya yana dukan ƙofar kwano. Ba ya zama. Ya ajiye jaka, ya ɗauki igiya, su gangara bakin kogin Marikina inda a ke da fili da hanyar ƙafa, su yi rabin sa'a kafin rana ta yi zafi. Shi da kansa ya kan ce da ba don tilas ɗin nan ba, da sai ya yi wata bai ga hasken safe da idon basira ba, daga ofis sai gado, daga gado sai ofis. Sa'an nan ya toshe taga da baƙin zane, ya kunna fanka, ya kwanta, karen kuma ya miƙe a gindin gado ya yi barcin rana tare da shi. Da dare, sa'ad da ɗakin ya ke wayam, sai wata tsohuwa maƙwabciyarsa mai ɗan kanti a tagar gidanta ta riƙa leƙa shi, ta zuba masa ruwa. Yana kiranta Nanay, watau Inna, ita kuma tana ce masa anak, watau ɗana.

Batun ciyarwa ba ƙaramin lissafi ba ne. A can a kan biya albashi sau biyu a wata, ran 15 da ƙarshen wata, kuma kowane biya yana da masu jiransa: mai gidan haya, kuɗin wuta, da abin da za a aika wa uwa a ƙauye. Abincin karnuka na buhu ya kan saya ne da kilo, kaɗan kaɗan, in aljihu ya yi nauyi. In ya yi sauƙi sai ya je kasuwa ya sayi hantar kaza ko ɓarɓashin naman da ke zubowa wurin da a ke yanka daskararren nama da zarto, ya dafa da shinkafa da kabewa, ya tsinko ganyen zogale a bayan gida ya watsa, gama zogale a can ma yana kowane lungu, suna ce masa malunggay. Ga maganin kaska, ga na tsutsar ciki, ga sabulun wanka. Doka ta ba ma'aikata albashin wata na 13 kafin Kirsimati, tun daga 1975, kuma daga cikin wannan ne ya kan ware na likitan dabbobi. Abokan aikinsa sun sha yi masa dariya, wai yana kashe wa karen titi abin da zai ishe shi sayen sabuwar waya. Ba ya musu da su. Abin da ya kan ce kawai shi ne, a cikin dukan waɗanda ya ke magana da su a yini da kwana, wannan kaɗai ne ba ya kiransa don ya kawo ƙara.

Amma kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ciwon haukan kare yana kashe ɗaruruwan mutane a Filifin kowace shekara, da yawansu yara ne, kuma ciwo ne wanda in alamunsa suka bayyana, to, sai dai a yi haƙuri. Don haka a 2007 aka kafa doka mai lamba 9482, wadda ta wajabta wa mai kare ya yi masa rajista, ya kai shi allurar rigakafi, kada kuma ya sake shi a titi ba igiya. Wanda ya ƙi rajista da allura tararsa feso 2,000, wanda ya saki kare feso 500. Don mai karatu ya gane nauyin abin, mafi ƙarancin ladan yini a Manila a tsakiyar 2024 feso 645 ne, watau tarar farko ta cinye aikin kwana uku har da ɗori. Watan Maris kuwa shi ne watan faɗakarwa, a lokacin ne ma'aikatan dabbobi kan kafa tebur a ofishin unguwa su yi allura kyauta. Mutumin nan bai taɓa bari ta wuce shi ba, ko da zai hana kansa barci ya bi layi, katin kuma yana cikin leda tare da takardar haihuwarsa.

Ranar da katin ya yi amfani ta zo cikin shekara ta uku. Jikan tsohuwar nan, yaro ɗan shekara 5, ya zo ya ja wutsiyar karen yana tsakar cin abinci, karen ya juyo ya kafa masa haƙori a hannu. Raunin bai yi zurfi ba, amma jini ya fito. Kafin a ce haka unguwa ta taru. Wani ya kawo tafarnuwa a goga, wata ta ce a kira mai tandok. Tandok kuwa shi ne a kafa ƙahon dabba a kan cizon a tsotse, kamar yadda wanzami ke yin ƙaho, wai don a fitar da dafin. Ba ya fitar da kome, sai dai ya sa mutane su saki jiki har lokacin magani ya wuce. Mutumin ya ɗauki yaron ya kai shi bakin famfo, ya yi ta wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, yaron na tsala ihu, sa'an nan ya juya ga tsohuwar.

Ya ce, "Nanay, ki yi mini arziki mu tafi asibiti yanzu. Kuɗin mota da na allura duk a wuyana."

Ta dube shi ta ce, "Anak, ba ka ce an yi masa allura ba?"

Ya ce, "An yi, ga katin. Amma jikanki ne, ba zan yi caca da shi ba."

Doka ma abin da ta ce ke nan: mai kare ya kai rahoto cikin sa'a 24, ya ɗauki nauyin magani, a kuma tsare karen a sa masa ido. Aka yi wa yaron allura ran farko, da rana ta 3, da ta 7, a ɗakin da gwamnati ta keɓe don cizon dabbobi. Uban yaron ya zo da zafi ya ce lalle a kashe karen a huta. Nan ne mutumin ya yi maganar da ta fi kowace hankali a wannan rana. Ya ce karen da ke da cutar a yawunsa ba ya daɗewa, cikin 'yan kwanaki zai birkice ya mutu, saboda haka kare mai rai shi ne babban shaida. In aka kashe shi aka binne, an binne shaidar ke nan, kowa ya zauna cikin zullumi. Aka yarda a jira kwana 14.

Kwanakin nan sun yi masa tsawo ƙwarai. Ya ari keji ya kulle karen, kullum da safe sai ya tsuguna ya duba ko ya sha ruwa, ko yawu na dalala, ko idonsa ya sauya. A ofis yana amsa waya yana ba Ba'amurke haƙuri, zuciyarsa na can gindin keji. Tsohuwar ta daina yi masa magana sai gaisuwa. Abin da ya fi damunsa ba kuɗin da ya ranta ba ne, a'a, tunanin cewa abin da ya ɗauko daga kwata don tausayi zai iya zama sanadin ɗan mutane. Ran kwana na 14 karen ya cinye abincinsa ya lashe kwano. Da maraice sai ga tsohuwar da ƙashin kaza a leda, ta miƙo ba ta ce kome ba. Ƙashin kaza dafaffe ba shi da kyau ga kare, yana tsagewa ya soki hanji, amma ya sa hannu biyu ya karɓa, ya yi godiya.

Ɗaya abin da ke hana mazaunin Marikina barci shi ne ruwa. Guguwar teku kamar 20 ke shigowa yankin ƙasar kowace shekara, garin kuma a kwari ya ke, duk ruwan da ya sauka a duwatsun gabas ta nan ya ke bi. Ba wanda ya manta da guguwar Ondoy ta ran 26 ga Satumba 2009, wadda ta zubar da ruwan kusan wata guda cikin sa'a 6, mutane suka kwana bisa rufin gidaje. Akwai ma'auni a gindin gada, in kogin ya kai mita 15 a busa jiniya ta farko, a 16 ta biyu, a 18 kuwa kowa ya fita ko yana so ko ba ya so. Ran 24 ga Yuli 2024, lokacin guguwar Karina, ya tashi daga aiki ya tarar motoci sun tsaya cik. Ya tako da ƙafa, ruwa tun yana idon sawu har ya kai gwiwa, ya iske tsohuwar ta riga ta kwance karen ta hau da shi bene, tana jiransa. A ran nan kogin ya haura mita 20. Ya saɓa karen a kafaɗa, yaron da aka ciza kuwa, wanda ya girma, shi ya riƙe masa jaka har makarantar da aka tara mutane. Da can mutane da yawa kan ƙi fita don ba a karɓar dabba a irin wuraren nan, wasu kuma su tafi su bar kare ɗaure ya nutse. A wannan karo an ajiye kejina a gefe guda, aka rubuta sunan kowane kare da na mai shi.

Yana da ƙanwa da ke aiki a Dubai, ta daɗe tana matsa masa ya zo, ta ce abin da zai samu a can ya ninka na Manila, uwarsu kuma tsufa ya kama ta, magani na cin kuɗi. Maganarta gaskiya ce, shi ma ya sani. Kai kare wata ƙasa sai da takardu da kuɗin jirgi da ba na ma'aikaci irinsa ba, ɗakin da zai sauka kuma na mutum huɗu ne. Kai shi ƙauye kuwa, kwana guda ne a mota, can zai koma ƙarshen sarƙa a gindin kwakwa, ga shi furfura ta fito masa a baki, ƙafar baya ta fara yi masa nauyi wajen hawan matakala. Tsohuwar ta ce a bar mata shi, ai tun da can ma rabin renonsa nata ne, amma ita ma ta haura 70. Ya karɓi takardun neman aikin ya cike rabinsu, ya sa su cikin ledar nan tare da katin allura, ya gaya wa ƙanwarsa ta ba shi zuwa bayan damina.