Kwarin da Ruwa Ya Bari

A Norway, lokacin ɗumi, mutane kan hayi mota mai gado da murhu a ciki, su bi bakin teku daga Bergen zuwa Sognefjord. Kwari ne da ƙanƙara ta haƙa, teku ta cike shi, tsawonsa ya haura kilomita 200. Suna tsayawa a ƙauyukan masunta, su kwana inda dare ya riske su.

Ina yawan tuna wannan idan na bi Gulbin Kaba a nan Ɗan Gulbi. Mu ma kwarinmu ruwa ne ya sassaƙa shi. Kusan shekara 11,000 da suka shige, sa'ad da ƙanƙarar arewa ke narkewa, damina ta yalwata har cikin Sahara, gulabe suka cika. Yau yashi ne da goriba. Mata na yankan kaba suna saƙa tabarmi, rijiya kuma ba ta nisa kamar ta kan tudu.

Bororo na wucewa da ɗakinsu bisa jakuna, suna karanta ƙasar da ƙafa. Ina fatan yaranmu su koyi tarihin wannan kwari, su kuma kare goribarsa daga gatari.