Inci Biyu

Tsakanin Gololo da ƙauyenmu babu kwalta. Rabin hanyar jigawa ce mai rairayi, rabin kuwa fadama ce mai baƙar laka. Manyan motocin da ke kwasar gero da riɗi da kaka su ne ke haƙa mata kwari biyu, su bar tudu a tsakiya kamar kunyar dankali. Ƙaramar mota in ta kuskura ta shiga, sai tayoyinta su faɗa kwarin, cikinta ya hau tudun, ta tsaya tana ta gunji a banza.

A can mahaifiyata take, ta kuma rantse babu mai raba ta da ɗakin da aka kai ta tana amarya. Saboda ita na sayi wata tsohuwar Toyota Hilux 'yar Kwatano a 2021, ƙirar farkon shekarun 1990, wadda gabanta da bayanta duka bisa sifirin mai falle-falle suke zaune. Shekaru da lodi sun riga sun miƙar da sifirin ɗin, har motar ta zama kamar jakin da aka fara yi wa labtu tun yana ƙarami. Zuwana na farko gida da ita, sau uku cikinta yana gugar ƙasa.

Na kai ta wurin wani dattijon bakanike a Azare, na ce a ɗaga mini ita. Ya zagaya ta, ya durƙusa ya leƙa, sa'an nan ya ce, "Malam, mota ba rumbu ba ce, balle a jera mata duwatsu a gindi a tafi. Duk abin da ka ɗaga, akwai abin da ka ja."

A wuni biyun da na yi a garejin nan bisa benci, na sami karatun da babu shi a digirina uku. Hanyoyin ɗagawar, in ji shi, ba su da yawa. Ana iya tsawaita maratayin da ke riƙe da wutsiyar sifirin, amma rabin abin da aka ƙara kaɗai ake samu, tunda ɗaya bakin yana nan a kafe. Ana iya cusa guntun ƙarfe tsakanin sifirin da aksil, abin da ya ce ko da kuɗi ba zai yi wa ƙafar gaba ba, don a nan sitiyari da yawancin ƙarfin birki suke. Shi abin da ya zaɓa shi ne a warware fallayen ɗaya bayan ɗaya, a dake su bisa guntun ƙarfen dogo har su koma ga lanƙwasarsu ta asali, a kuma ƙara wa kowane ɗauri falle guda. Daga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano aka aiko da fallayen, tare da shokazoba masu tsayi da dogon tiyon birki, domin gajeren yana iya tsinkewa ranar da taya ta zurma rami. Da aka sauke jak, motar ta tashi inci biyu, wato kimanin santimita 5.

Ina cikin murna sai ya kira ni ƙarƙashinta, ya ɗora hannuna bisa ƙullutun nan na tsakiyar aksil, mai kama da tulu. "Wannan fa bai motsa ba," ya ce. "Jikin muka ɗaga. Shi taya ce kaɗai ke ɗaga shi." Na daɗe ina juya wannan magana. Mu da ke koyar da adabi mun saba yaba wa ɗalibi in salonsa ya yi sama, ba mu cika durƙusawa mu duba wurin da rubutun ya fi kusa da ƙasa ba. Amma wannan zance ne na aji, bari in koma gareji.

Kafin in tafi ya yi mini gargaɗi uku. In rage gudu a kwana, don doguwar mota ta fi saurin kifewa. In riƙa ɗura wa kuros ɗin furofela giris, tunda yanzu a karkace yake aiki. Na uku ya maimaita shi har sau biyu: in dawo bayan mako guda a sake ɗaure notunan ƙarafan nan masu baki biyu da ke rungume sifirin da aksil, saboda sababbin fallaye sukan kwanta, in sun kwanta kuwa ɗaurin ya saki.

Ban koma ba. Da fari jarrabawa ce ta hana ni. Daga baya ƙungiyar malaman jami'o'i ta shiga yajin aikin nan na 2022, daga Fabrairu har Oktoba, albashi ya tsaya, na riƙa ce wa kaina babu kuɗi. Alhali kuwa aikin bai fi na rabin sa'a ba, kuma na san dattijon ba zai karɓi ko sisi ba. Gaskiyar ita ce motar tana tafiya lafiya, yaran ƙauye suna kiranta taguwa, ni kuwa ina jin daɗin leƙo mutane daga sama.

Daminar shekarar ta zo da ambaliya. Wani dare cikin Satumba ƙanena ya bugo waya, ya ce, "Yaya, numfashin Inna ya ƙi." Na iso kafin asuba, muka shimfiɗa mata katifa a baya, ƙanwata ta riƙe kanta. A tsakiyar fadama taya ta baya ta daki wani rami da ruwa ya rufe, na ji ƙas! Motar ta fara tafiya a kaikaice kamar kaguwa, tayar tana gugar jiki. Na haska tocila. Notunan sun saki, kusar da ke tsakiyar sifirin ta guntule, aksil ya zame baya ta gefe ɗaya. Tsawon da nake taƙama da shi yana nan daram, sai dai ba ya zuwa ko'ina.

Amalanken shanu na wani manomi da ya yi sammako shi ya kai Inna Gololo, ina biye a ƙafa, laka har gwiwa, ina sauraren numfashinta. Daga nan muka sami mota zuwa asibiti a Azare. Ta kwana tara, Allah ya tashi kafaɗunta. Ba ta taɓa tambayata abin da ya sami motar ba, ni ma ban taɓa gaya mata ba. Abin da ta ce kurum, ranar da aka sallame ta, shi ne shanun nan sun fi taguwata sanin hanya.

Dattijon da kansa ya je fadamar bisa babur, da jak da sabuwar kusa a cikin buhu. Na tsaya ina jiran faɗa. Bai ce komai ba sai da ya gama, sa'an nan ya goge sifanar da ya yi aikin da ita, ya miƙo mini. "Riƙe ta, Malam. In ka je gida ka dawo, ka shimfiɗa buhu ka shiga." Noti goma sha shida ne, huɗu a kowace ƙafa. Jiya na bi su, biyu na bayan hagu sun karɓi rabin juyi.