Shaidar da turɓaya ta bayar a Dareta

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka tarar da sababbin kaburburan yara birjik a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Gwajin jini ya nuna gubar dalma ce, sai dai jini ba ya faɗin inda guba ta fito.

Masu bincike daga Amurka suka bi Dareta da 'Yargalma gida-gida da na'urar XRF, wadda ake ɗorawa a kan turɓaya nan take ta ƙididdige ƙarfen da ke cikinta. Iyakar da Amurka ta yarda da ita a lokacin kashi 400 ne cikin miliyan. Nan an sami wuraren da suka haura 100,000. Lambar ta fi hauhawa inda ake niƙa duwatsun zinare, galibi a tsakar gida, inda jarirai ke rarrafe suna kai hannu baka.

Yara fiye da 400 suka rasu. Magani kuwa aikin banza ne muddin yaro zai koma kan ƙasar da ta cutar da shi, don haka sai an kankare ta an zuba sabuwa tukuna. Bagega ta jira har 2013 kafin gwamnatin tarayya ta saki kuɗin wannan aiki.