Tsohuwar Mita Da Wayar Da Ke Cikin Bango

Shekarata talatin da 'yan kai ina aikin wayar lantarki a Kumasi, kuma a cikin mutanenmu na zango akwai wata ɗabi'a da na daɗe ina lura da ita. Mai gida zai kashe kuɗi mai yawa wajen fenti da tayil da ƙofar ƙarfe, amma da zarar an ambaci wayar da ke cikin bango sai ya ce, "Ai wuta tana kamawa." Abin da ido ba ya gani, aljihu ba ya son biya. Shi ya sa nake so in ba 'yan'uwa labarin wani aiki da na yi a 2023, ko wani ya ƙaru da shi.

Ginin bene ne mai shaguna goma sha biyu. Mahaifin Alhajin da ke da shi yanzu ne ya gina shi, jim kaɗan bayan da aka buɗe madatsar Akosombo a 1966. Alhaji bai kira ni don waya ba. Kukansa shi ne mita tana sata, kuma masu haya suna ta rigima duk wata a kan rabon kuɗin wuta, har tela da mai kifi sun daina gaisawa.

A ƙarƙashin matakala na tarar da wani allon katako mai mita uku, duk irin na da, masu faifan sanholo da ke juyawa a bayan gilashi. Ƙa'idata ita ce ba na taɓa komai sai na karanta abin da aka rubuta a fuskar mita, domin a nan take faɗin ko ita wace ce. Ta farko matacciya ce, an cire mata waya tun tuni an bar ta a maƙale. Ta biyu ta layi ɗaya ce, an rubuta mata cewa faifan yana juyi 600 kafin yunit ɗaya ya cika. Gwada irin wannan ba wuya. Aka kashe komai, aka kunna dutsen guga mai wat 1,000, muka ƙirga da agogo a hannu. A minti ɗaya faifan ya juya sau goma, daidai yadda lissafi ya ce. Ita kam ba ɓarauniya ba ce.

Ta ukun ita ce Alhaji ke zargi. Ya ce, "Malam, duba. Lambarta ta ƙaru da 60 kacal a wata, amma takarda ta ce 1,200." Na ce, "Alhaji, leƙa cikin akwatin nan." A ciki akwai zobba uku masu kauri, kowanne babbar waya ta ratsa ta tsakiyarsa, an rubuta musu 100/5. Waɗannan zobba ƙananan taransifoma ne na awo. Wutar da ke shiga ginin ta fi ƙarfin mitar, saboda haka zoben yakan aika mata amfiya 5 a madadin kowace 100, watau kashi ɗaya cikin ashirin. Duk abin da ta nuna sai an ninka shi sau 20, kuma 60 sau 20 shi ne 1,200. Sai Alhaji ya tuna cewa a zamanin mahaifinsa akwai injinan niƙa a ƙasan benen, su ne dalilin wannan babban layi mai waya uku.

A nan zan ja kunnen ƙannena masu koyon aiki. Kada ka kuskura ka kwance siraran wayoyin da suka fito daga zoben nan alhali wuta na bi ta cikinsa, domin ƙarfin da zai taso a bakinsu yana iya kashe mutum. Haka nan hatimin dalma da ke jikin mita ba naka ba ne, ba na mai gida ba ne, na kamfanin wuta ne. Wanda ya tsinka shi ya jawo wa mai gida tuhumar satar wuta.

Da aka wanke mita daga zargi, sai na ce a buɗe mini akwatin fis. Fis ɗin na tangaran ne, irin wanda ake ɗaura wa siririyar waya don ta ƙone in kaya ya yi yawa. A huɗu daga cikinsu na tarar an naɗa jan ƙarfe mai kauri. Wani ya gaji da sauyawa, ya mayar da mai gadi gunki. Wayar bene kuwa mai rigar roba ce irin ta da, in ka lanƙwasa ta sai rigar ta marmashe a hannu kamar busasshen ƙuliƙuli. Ƙarfen da aka kafa a ƙasa don ya shanye wutar da ta ɓata hanya ya yi tsatsa ya rabu da wayarsa. Na sa na'urar gwajin rigar waya a kan bolt 500. Ana bukatar aƙalla megom ɗaya, amma layi biyar ba su kai ba.

Waɗanda suka sa wannan waya ba su yi ha'inci ba. Sun yi ta ne don ƙwan fitila da fanka da rediyo. Yau ita ce ke ɗauke da firiza shida, da na'urar sanyaya ɗaki, da dutsen gugar teloli, da injin busar da gashi. Jakin da aka saya don buhu ɗaya aka ɗora wa goma.

Akwai kuma wani tarko da ya kamata kowa ya sani. A tsohon tsarin Ingila da muka gada, wayoyi masu wuta su ne ja da rawaya da shuɗi, baƙa ita ce ta komawa. A sabon tsari, masu wuta su ne ruwan ƙasa da baƙa da ruwan toka, shuɗiya ita ce ta komawa. Ka ga baƙa da shuɗiya sun yi musayar aiki. A ginin da aka yi ta ƙare-ƙare shekara da shekaru, duka biyun suna nan a cakuɗe. Yaron da ya dogara da launi bai gwada ba, yana iya aika wa firizar mutum bolt 400 a maimakon 230.

Alhaji ya so a yi faci. Na ce masa, "Alhaji, ka yi haƙuri, ba zan sa hannuna a faci ba. A saman benen nan akwai yara masu koyon ɗinki da ke kwana, kuma ƙofa ɗaya ce." Ya yi shiru. Bayan kwana uku ya aiko a kira ni.

Mun yi mako biyar muna aiki, shago biyu-biyu, don kada kasuwar kowa ta tsaya. Kowane shago ya sami layinsa da birekarsa, da na'urar da ke katse wuta nan take in ta fara zurarewa ta jikin mutum. Muka kafa sabon ƙarfen ƙasa, muka rubuta sunan kowane layi a jikin akwati. Kamfani ya zo ya kwashe tsofaffin mitocinsa, ya sa wa kowa tasa ta kati. Tun daga ranar babu sauran rigimar rabo, kowa na biyan abin da ya sha.

Dokar aikin waya ta Ghana ta 2011 ta ce wanda Hukumar Makamashi ta ba takardar shaida shi kaɗai zai yi wannan aiki. Ku nemi ganin takardar, babu rashin kunya a ciki. Wanda ya ga abin da ya sami 'yan kasuwar Kantamanto a Accra a watan Janairu na 2025, da na Adum a nan Kumasi a watan Maris na shekarar, ya san yadda gobara take yi inda shago ke manne da shago. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu baƙi da jikokin baƙi, yawancinmu dukiyarmu ba ta banki, tana cikin shago. Wanda ya karɓi kuɗin haya ya karɓi amanar wannan dukiya da ta rayukan masu ita. In gininka ya haura shekara ashirin ba a duba wayarsa ba, ka nemo mai takarda ya gwada kafin ka sayi fentin bana. Allah ya kiyaye mu baki ɗaya.