Cin Abinci da Alƙalami

Duk ɗalibin da ya zaɓi nazarin Hausa a jami'a ya san tambayar nan da ake yi mana gida da waje: "To, in kun gama wane aiki za ku yi?" Waɗansunmu su ce koyarwa, waɗansu su ce aikin rediyo ko jarida. Ni kuwa tun ina aji ɗaya amsata ita ce rubutu zan yi, in zama marubuci mai zaman kansa, wanda ba ya jiran albashin kowa a ƙarshen wata. Yanzu ina aji uku, na kuwa fi shekara biyu ina taɓa wannan sana'a a gefen karatu. Saboda haka na ga ya kamata in faɗa wa 'yan'uwana ɗalibai abin da na gani a cikinta, da daɗinta da wuyarta.

Bari mu fara da waiwayen magabata. Marubutan da muke karantawa a aji ba masu zaman kansu ba ne. Lokacin da Rupert East ya shirya gasar ƙagaggun labarai a 1933, Abubakar Imam, mai Ruwan Bagaja, malamin Makarantar Midil ne a Katsina. Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai Shaihu Umar, shi ma malamin makaranta ne a Bauchi. Da Imam ya rungumi alƙalami gaba ɗaya, ai albashi aka yanka masa, ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Daga bisani aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sannan NNPC a 1966, duk a Zariya. Watau a wancan zamani akwai hukuma ko kamfanin da ke ɗaukar nauyin ɗab'i da rarrabawa.

Sai a shekarun 1980, da tattalin arziki ya taɓarɓare, takarda ta yi tsada, kamfanoni suka ja baya, sannan matasa suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, su ne marubutan, su ne masu kai wa maɗaba'a, su ne kuma masu bin 'yan kasuwa bashi. Wannan shi aka yi wa laƙabi da Adabin Kasuwar Kano. Mu na yau sawunsu muka bi, sai dai wayar hannu ce ta zame mana maɗaba'a da kasuwa.

Ƙofofin samu da na ƙwanƙwasa guda uku ne. Akwai labarin da nake saki shafi-shafi a WhatsApp, mai karatu ya biya kafin a sa shi cikin zauren. Akwai fassara daga Turanci zuwa Hausa, musamman saƙonnin kiwon lafiya da na noma. Akwai kuma rubuta wasan kwaikwayo na rediyo. 'Yan'uwanmu mata sun sami ƙofa ta huɗu, watau gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata marubuta.

Daɗin abin ba ƙarami ba ne. Bara da kuɗin fassara na biya rajistata, ban tambayi kowa kwabo ba. Mahaifina, wanda a da yake kiran abin wasan yara, da ya ga rasit ɗin sai ya yi shiru, can ya ce, "Allah ya yi albarka." Ban da wannan, babu mai sa mini lokacin shiga ofis, in na ga dama cikin dare nake aikina. Wata baiwar Allah kuma ta taɓa aiko mini da saƙo daga Maraɗi, cewa ita ke karanta wa kakarta labarina kowane dare, tsohuwar har tana tambaya ko an saki na yau.

Amma fa kowa ya ci zomo ya ci gudu. Wuya ta farko ita ce rashin tabbas. Wani watan ayyuka uku su zo tare, a daidai lokacin jarrabawa, sannan a yi wata biyu ko sallama babu, alhali kuwa kuɗin data da na cajin waya ba sa jira.

Ta biyu ita ce hana haƙƙi. Wani bawan Allah ya sa ni rubuta masa wasan rediyo, muka yi ciniki gaban shaidu, ya ba ni kashi ɗaya cikin uku. Na ji wasan nan da kunnena ana watsa shi, amma cikon kuɗina har yau "gobe" ne.

Ta uku ita ce satar fasaha. Mutum ɗaya ya biya, ya kwafe labarin, ya watsa wa ɗaruruwa kyauta, wani lokaci ma a goge sunanka. Gaskiya ne akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta haɗa har da abin da ke intanet. To amma ɗalibin da ke lissafin kuɗin garin kwaki, ina ya ga na lauya?

Ta huɗu ita ta fi ci mini rai. Na rubuta labari a kan manoman garinmu da ambaliya ta cinye wa gonaki, na kuwa zuba masa duk abin da na koya a aji, masu saye ba su cika hannu ba. Na rubuta na kishiya cikin mako ɗaya, ya tafi nan da nan. Ashe wanda ya guje wa ubangida ɗaya, iyayen gida dubu ke jiransa, kowanne da abin da yake so a rubuta masa.

Duk da haka ban ajiye alƙalami ba, ba ni kuma da niyya. Abin da na tsayar shi ne, in na gama zan nemi koyarwa in haɗa da rubutu, yadda Imam da Ɓalewa suka fara, don da ruwan ciki ake jan na rijiya. Mai albashi, komai ƙanƙantarsa, yana iya cewa a'a ga cinikin wulaƙanci, yana kuma iya rubuta labarin manoma ko da kasuwa ba ta so.

Ga wanda ke sha'awar wannan hanya, shawarata uku ce. Ya yi yarjejeniya a rubuce, ya karɓi rabin kuɗinsa kafin ya fara, ya kuma laƙanci ƙa'idojin rubutun Hausa, domin su ne za su bambanta aikinsa da na kowa a kasuwa. Malamanmu kuma muna roƙonsu, yadda suke koya mana jigo da salo, su ɗan ƙara mana da yadda ake ƙulla yarjejeniya da kare haƙƙi. Mu kuma masu yi, mu riƙa gaya wa juna farashi da halin masu ba da aiki, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya sa mu ci guminmu.